Gurbin Haggai

Talata, 3 ga Yuni, 1958

Na iso Zuru. Kwana shida a hanya: jirgin ruwa zuwa Baro, jirgin ƙasa zuwa Zungeru, sai motar Kwantagora da ta kafe sau biyu a laka kafin Rijau. Duk tafiyar nan akwatin abokina Haggai yana ƙarƙashin ƙafata. Mai akwatin kuwa mun baro shi can bakin Kwara, a maƙabartar bayan yadin jirage, cikin mutanen da ba su san sunan ubansa ba.

Littafin nan kamfani ya ba ni don in riƙa rubuta aikin walda na kowace rana. To, zan rubuta musu aiki. Yadin nan kuwa na bar shi har abada, ko da Gwamna ne ya aiko a kira ni.

Laraba, 4 ga Yuni

Na kai akwatin gidansu a hanyar Dabai. Saloma matarsa ta buɗe da kanta. Kaki biyu, lambobinsa na yaƙin Bama, Littafi Mai Tsarki, da takalmin da ya saya bai taɓa sawa ba. Ba ta yi kuka a gabana ba. Da ma ta yi.

Fasto ya karanta takardar kamfani, ya juya musu da yarenmu. Wai ya zame daga tsani ya faɗi cikin tanki. Baba, mahaifinsa, ya ce, "Haggai da ke hawa giginya ba igiya, shi tsani ya kayar?" Kowa ya juyo ya dube ni. Ni Kofur Kefas, mai baki kamar reza, na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa.

Akwai sauran magana a ƙasan takardar. Wai don jinƙai, kamfani ya ba ɗan'uwan mamaci gurbinsa, ya zo a koya masa aiki. Jinƙai! Na ga yadda Japhet ƙanensa ya gyara tsayuwa. Bara ya gama golmo, noman da samari ke yi wa surukai kafin a ba su mata, ya ɗauko amarya, yanzu tana da ciki. Ya riga ya ga kansa cikin kaki.

Alhamis, 5 ga Yuni

Alice matata ta ce in ci tuwo. Na ce ba na ci. Har yanzu kaina yana sarawa in na sunkuya.

Asabar, 7 ga Yuni

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda akawun kamfani ya rubuta ƙarya da injin buga takarda.

An kawo sabbin jirage na alminiyam, farin ƙarfen nan mara nauyi. Waldarmu ta da ba ta kama shi da kyau, sai aka kawo wata sabuwa. Tana da tulun gas nata daban, argon suke ce masa. Shi ba ƙonewa yake yi ba. Yana fita ne ta bakin abin waldar ya lulluɓe ɗinkin, ya kore iska daga wurin har ƙarfen ya huce. Baturen injiniya ya koya wa mutum biyu kawai, ni da Haggai, don mun fi kowa hannu. Na tambaye shi ko yana da haɗari. Ya kunna ashana, ya kai bakin tiyo, ashana ta mutu. Ya yi dariya ya ce ka gani, ko wuta ba ya kamawa. Mu ma muka yi dariya. Abin da ya kashe ashana a gaban idonmu, muka tsaya muna masa dariya.

Mu masu walda da hanci muke aiki. Gas ɗin da muka saba da shi warin tafarnuwa gare shi, kana sa kai a bakin tanki ka shaƙa sau biyu ka san ko akwai shi. Haka aka koya mana a soja, haka muka yi shekara goma sha biyar. Wannan ba wari, ba launi, ba ya sa tari. Kuma ya fi iska nauyi, sai ya gangara ƙasan tanki ya kwanta kamar ruwa a kwatami. Duk wannan daga baya na ji, daga bakin likita, yana gaya wa injiniyan da Turanci a kaina, sun ɗauka ba na ji. Injiniyan ya sani tun farko. Yana cikin takardar da ta zo da tulun.

Ranar da abin ya faru, mun tashi cin abinci da tsakar rana. Na bar tiyo a cikin tankin ruwa na jirgin, ashe makunnin bai rufu sosai ba. Muka dawo. Na sa kai na shaƙa sau biyu, lafiya lau. Bakin tankin kamar bakin rumbu yake, mutum ɗaya ke wucewa, zurfinsa kuwa tsayin mutum biyu. Na sauka, na durƙusa in ɗauki abin walda. Shi ke nan abin da na sani. Ba jiri, ba shaƙewa, ba komai.

Na farka a kan katako, rana a idona. Suka ce Haggai ya leƙo ya gan ni kwance, bai ce wa kowa komai ba ya dira. Ya saɓa ni a kafaɗa ya hau tsani da ni har hannuwan leburori suka kama bel ɗina. Suna jawo ni, shi ya sulale ya koma. Helima, shugaban leburori, ya tare bakin tankin ya hana kowa shiga. Kafin a samo ƙugiya a jawo shi, an gama.

Akwai abu ɗaya da ban rubuta ba. Ba yau ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Coci. Kowa sai ya kama hannuna, "Allah ya tsare ka, Kofur, Allah ya tsare ka." Wata tsohuwa har da shafa mini kai. Na ji kamar in kwaɗe hannunta. Ba su san da kafaɗar wa aka tsare ni ba.

A bakin ƙofa Japhet ya ce zai bi motar ranar Talata, ashirin da huɗu ga wata. Na ce ba za ka ba. Ya yi murmushi irin na yayansa sak, ya wuce.

Talata, 10 ga Yuni

Na koma Dabai na zaunar da Baba da Japhet a gindin ɗorawa. Na ce ba tsani ba ne. Na ba su labarin gas ɗin dalla-dalla. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Abin da ba a gani, ba a jin warinsa, ba ya ƙuna, kai ta ina ka san yana nan?" Na ce ai shi ne masifar. Ya girgiza kai. Shi a wurinsa an dai yi wa ɗansa wani abu, hassada ce ta baƙin wuri, kuma ya riga ya san inda zai kai maganar kafin Japhet ya tashi.

Japhet kuwa cewa ya yi, "Yaya Kofur, kai ka ci moriyar wurin shekara tara, ka yi rufin kwano. Ni ne ƙafata za ta ƙone?"

Na ce sabon zuwa shi ake turawa ƙasan tanki ya share, ya riƙe tiyo, ya kwashe kaya bayan an tashi. Kai za a fara turawa. Ya ce ai shi ba rago ba ne. Wa ya yi maganar ragwanci? Gas ɗin nan ya san jarumi ne? Na yi masa tsawa har kaji suka watse. Na faɗi abin da bai kamata ba, na ce in ya matsu ya bar mace da goyo, ga kogin nan kusa, ba sai ya biya mota ba.

Da yamma Alice ta jiyo a rijiya wai ina hana Japhet ne don ina so in kai ƙanenta. Mutanen garin nan, in ka ba su nono sai su nemi ƙuda a ciki.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na fita gona in huce. A hanya na tarar da 'yan golmo, su wajen ashirin, suna huɗa a gonar surukin ɗayansu. Na tsaya. Wani dogo ya gama kunyarsa ya kai ƙarshe, ko miƙewa bai yi ba, ya juyo ya kama kunyar na kusa da shi daga can, yana huɗo ta har suka haɗu a tsakiya. Ba wanda ya ce masa ya yi. Haka ake yi. Wanda ya gama ya tsaya yana kallon abokinsa a baya, ranar ba mai cin tuwo da shi.

Damina nawa muka yi haka da Haggai. Ni na huɗa gonar uban Saloma, shi ya huɗa ta uban Alice. Kullum shi ke riga ni, kullum sai in ɗaga kai in gan shi yana tahowa ta kunyata, yana mini gori wai hannuna na malamai ne.

To tanki gona ce? Wawa. Wawan banza. Mutum mai 'ya'ya huɗu, ni nawa biyu, ko lissafin wannan bai iya ba. Da ka yi ihu. Da ka tsaya an kawo igiya. Wa ya roƙe ka? Ka bar ni ina yawo a Zuru ana shafa mini kai. Da zan gan ka yau, kafin in gaishe ka sai na mare ka.

Jumma'a, 13 ga Yuni

Ruwa tun safe. Ban fita ba, ban yi magana da kowa ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Ladan mai haƙar rijiya yana yashe tsohuwar rijiyar bayan kasuwa, wadda aka rufe shekara biyu. Mutumin Argungu ne, gajere, ya tsufa a cikin rami. Na je gyaran garma wurin maƙeri, na gan shi ya kunna fitilar ƙwai da rana tsaka, ya ɗaura mata igiya yana zurawa a hankali. Na matsa ina kallo. Ta yi kamar gaba huɗu, harshen ya ƙanƙance, ya yi ja, ya mutu. Ya jawo ta. Ya sa aka yanko ganyen giginya, aka ɗaure, shi da ɗan'uwansa suka yi ta zurawa suna jawowa kamar masu ɗiban ruwa. Sun daɗe. Ya sake kunna fitila, wannan karon ta kai har ƙasa da ranta. Sannan ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba ɗan'uwansa ɗaya bakin, ya shiga.

Da ya fito na ba shi labarina, wanda Baba ya ƙi yarda da shi. Ko gira bai ɗaga ba. Ya ce, "Mi kunka zura kamin ka shiga?"

Na ce hanci.

Ya ce, "Kofur, hanci ai a jikinka shike. Abin da za shi mutuwa a madadinka shi aka zurawa." Ya ce kakansa da kaza yake gwadawa. Ya ce su a sana'arsu in mutum ya faɗi a ƙasa ba a bin shi sai da igiya, ko ɗanka ne, don ramin da ya ci ɗaya bai ƙoshi ba. Sai ya tambaye ni ko tankin ba shi da wata kafa ta ƙasa da iska ke shiga.

Na ce masa garmata na jira, na tashi.

Tankin yana da ita. A gefe, kusa da gindi, inda za a haɗa bututu daga baya, faɗinta ya kai faifai. Iskar kogi tana shigowa ta nan ta fita ta sama, tana kore mini gas daga kan ɗinki, ɗinkin yana fitowa da ƙuraje. Injiniya ya zo ya duba, ya taɓe baki, ya ce na Haggai ya fi kyau. A gaban leburori. Washegari da safe na ɗauko buhu uku na cusa a kafar nan, na danna da ƙafa har ba inda iska za ta bi. Ɗinkin da na yi ranar kamar an zana da alƙalami. Haggai ma ya yaba.

Da kafar tana buɗe, da gas ɗin ya tsiyaye ta nan lokacin da muke cin abinci. Buhunan kuwa wani ya zare su kafin likita ya iso, ban san ko wane ne ba, kuma ba wanda ya sake ambatarsu. Kamfani ya fi son tsani, ni ma na bar musu tsanin.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarya ne. Ga ni nan a bushe.

Laraba, 18 ga Yuni

Na ce gani ya kori ji. Ladan zai buɗe wata rijiyar a unguwar maƙera, na je Dabai na jawo Japhet kusan da ƙarfi. Ya tsaya ya leƙa, ya shaƙa, ya ce ba ya jin komai sai sanyi. Aka zura fitila, ta mutu a idonsa. Na ga gashin hannunsa ya tashi. Na ce a raina, yawwa, ka gani.

Muka kama hanyar komawa har muka wuce kasuwa. Sai ya ce, "Ashe abin yana da magani. Fitila da igiya. To ai shi ke nan, Yaya, zan tafi da nawa."

Ni da hannuna na ƙara masa ƙarfin gwiwa. Yana tsammanin helima zai tsaya jiran sabon lebura ya kunna fitila, injiniya na duba agogo? Kwana uku za a yi masa dariya, a ce Badakkare mai tsoron rami, rana ta huɗu ya bar ta a ɗaki. Na san shi, jininsu ɗaya da wancan. Kuma igiya ba ta riƙe kanta.

Saura kwana shida.

Asabar, 21 ga Yuni

Na gaya wa Saloma. Na same ta ita kaɗai tana cirar ciyawa a gonar gyaɗa, ƙaramin yana bayanta. Ban yi doguwar gaisuwa ba don kada in fasa. Na faɗi tiyo, na faɗi kafaɗa, na faɗi buhu uku. Na ce don a ce ɗinkina ya fi nasa ne, ba don komai ba.

Na shirya wa zagi. Na ma so ta ɗaga mini fartanyarta. Ta ci gaba da cira har ta kai ƙarshen layi, ta karkaɗe ƙasa daga saiwar ciyawa ta jefar.

Ta ce, "Baban Margaret, ka zo ka sauke kayanka a kaina ne don ka ji sauƙi?"

Na ce a'a. Wataƙila e.

Ta ce ba za ta ce ta yafe ba, don ba ta san tukuna ba, kuma kada in tambaye ta. Ta ce Baba ba zai ji wannan daga bakinta ba. Na ce to ta taimake ni ta hana Japhet, ita zai ji maganarta. Ta ce gidan nan bakuna goma sha ɗaya ne, gonar kuwa ga ta nan ina gani, rabinta dutse. Japhet zai tafi ko na so ko na ƙi.

Sai ta gyara goyo ta ce, "Ranar da za a tura shi ƙasa, wa ke tsaye a baki?"

Na dawo gida ina ta faɗa ni kaɗai a hanya. Wace irin tambaya ce wannan? Ni na ɗauke shi aiki? Na rantse ba zan koma ba, kowa ya ji.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ban je coci ba. Alice ta wanke kakina duka biyu ta shanya. Ban sa ta ba. Na tambaye ta dalili, ta ce sun yi datti ne.

Litinin, 23 ga Yuni

Kayan aikina suna can yadi: guduma, madubin fuska, safar hannu ta fata da na zo da ita tun daga soja. Ba zan bar wa ɓarayin leburorin nan ba. Kuma akwai magana tsakanina da injiniya, a gaban mutane zan yi ta, takardar da ta zo da tulun nan sai an karanta wa kowa da harshen da yake ji. In ya kore ni, ya kore ni.

Laraba, 25 ga Yuni, Kwantagora

Mota ta lalace, muna jiran wata. Zuwa ɗauko kayana ne kawai, na gaya wa kowa, na gaya wa Alice. Ta ce to, ta sa mini dakuwa mai yawa, ta fi ta kwana shida.

Japhet bai taɓa wuce Rijau ba, sai kalle-kalle yake kamar ɗan akuya a kasuwa. Yana ba ni haushi. Yadda yake zama, yadda yake sosa ƙeya, duk na wancan ne.

Ɗazu a inuwar tasha na zaunar da shi na kafa masa doka. Ba ya shiga kowane rami sai ni na gwada. Ba ya toshe kowace kafa, ko wa ya sa shi. Tiyo ba ya kwana a ciki, ba ya yini a ciki. Duk ya ce to. Na ce saura babbar: in ka leƙo ka gan ni kwance a ƙasa, ba ka shigowa. Ka yi ihu, ka nemi igiya, ka tsaya a sama ko da kana ganin ina mutuwa. Golmo ya ƙare a Zuru. Na sa shi ya ɗora hannu a kan Littafin yayansa, wanda Saloma ta ba shi, ya rantse. Ya yi ta nauyin baki, amma ya rantse.

Sai ya miƙo mini Littafin. Ya ce, "To kai ma, Yaya. In ni ne a ƙasa."

Na ce masa ya rufe mini baki, yaro ba ya rantsar da babba. Na tashi na tafi duba ko motar ta zo, alhali na san ba ta zo ba.

Ban ɗora hannun ba. Marin nan da na ce zan yi wa Haggai, a bar shi tukuna.